Kafin ka sayi RAM, fara duba gurbin da ke cikin laftof ɗinka

Ɗan'uwa, na ga tambayarka: laftof ɗinka na da Core i5 da katin girafiks GTX 1650 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 8, gem ɗin ƙwallo na FC 24 yana cijewa, kana so ka cire 8 ɗin ka sa 16 guda ɗaya. Dakata tukuna, kada ka kai kuɗinka kasuwa.

Ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka taɓa Memory. A ƙasa za ka ga gudun RAM ɗin da kuma gurbi nawa aka cika. In ya nuna 1 of 2, to ka yi dace, akwai gurbi guda a buɗe. Abin da za ka yi shi ne ka bar naka a inda yake, ka nemo wani giga 8 irinsa ka ƙara. Guda biyu na 8 sun fi guda ɗaya na 16 amfani a gem, domin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zai riƙa ɗebo bayanai ta hanyoyi biyu lokaci guda. Kuma kuɗin da za ka kashe ya fi sauƙi.

Ni da kaina na ga bambancin. Tsohuwar laftof ɗina mai furosesa Ryzen 5 ce, ba ta da katin girafiks na daban, a jikin RAM take aron abin da za ta zana hoto da shi. Duk lokacin da na kunna GTA V na shiga tsakiyar gari da mota a guje, sai hoton ya tsaya cak, ya saki, ya sake tsayawa, har gine-gine su makara wajen bayyana. Ranar da na ƙara na biyun, wannan tsayawar ta ragu ƙwarai, ban taɓa komai a saitin ba. Masu Intel Iris Xe, girafiks ɗin da ke cikin furosesan Intel, ma haka ne, da RAM ɗaya ba ta ba da cikakken ƙarfinta.

Kai da kake da GTX 1650 ba za ka ga tsalle irin nawa ba, gara in faɗa maka gaskiya. Katin yana da nasa giga 4, kuma wannan ba ya ƙaruwa ko ka sa RAM 64. Abin da za ka samu shi ne raguwar cijewa. EA, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta ce giga 8 ne mafi ƙaranci ga FC 24, 12 ne abin da ta ba da shawara, ga Windows na cin nata kaso, ga Chrome in ka bar shi a buɗe. Ka ga 8 ɗin ya yi maka kaɗan. Amma 32 da wasu ke zuga ka, a kan wannan na'urar ɓarnar kuɗi ce kawai.

Wajen saye: ka ce musu na laftof kake so, SO-DIMM, ba dogon na kwamfutar tebur ba. Laftof mai GTX 1650 galibi RAM ɗinta nau'in DDR4 ne, amma ka tabbatar da manhajar CPU-Z, kyauta ce. DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba. In naka mai gudun 2666 ne ka sayo mai 3200, zai yi aiki, sai dai ya sauko zuwa gudun na ƙasan.

Ka tafi da laftof ɗin shagon. Na taɓa sayen na hannu a wani shago, mai shagon ya zaro shi daga aljihun tebur ba ko leda, ya ce lafiya lau. Kwana biyu sai shuɗin allon kuskure na Windows yana fito min ana tsakar wasa. Da na koma ya ce ai ba ya karɓar kayan da suka kwana. Tun daga nan sai an sa a gabana, na ga 16 ya fito, in na dawo gida kuma in bar manhajar MemTest86 ta gwada shi dare guda, bayan mun yi yarjejeniyar canji.

In kai za ka sa da kanka, ka kashe na'urar, ka zare caja, ka buɗe bayan, ka cire wayar batir kafin ka taɓa komai. Ka zura RAM ɗin a karkace, ka danna shi ƙasa har ƙarafan gefe su yi ƙas su kama shi.

Tunda ka buɗe, ka leƙa fankar. Ƙurar hunturu kan toshe ta, zafi ya sa furosesa ya rage gudu da kansa, mutum ya ɗora wa RAM laifi. In ka ga Task Manager bai nuna gurbi biyu ba, turo mana lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin mu duba, don akwai waɗanda RAM ɗinsu a liƙe yake da madabod, wato babban faifan cikin na'urar.