Kulocin da aka sauya a gida ya fara sulɓi: amsoshin wasiƙunku

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa shi da ƙanensa sun sauya wa Golf 3 ɗinsa faifan kuloci a ƙofar gida, amma ko wata biyu ba a yi ba aka koma gidan jiya: yana taka totur inji na kuka, gudu ba ya ƙaruwa, ga ƙauri idan ya hau tudu. Yana fargabar ko giyabos ya lalata, alhali da motar yake ciyar da iyali.

Malam, ka kwantar da hankalinka, domin waɗannan alamun sulɓin kuloci ne, da wuya su zama na giyabos. Ka ja birkin hannu a fili, ka sa giya ta 3, ka saki kuloci a hankali. Idan inji bai mutu ba, sulɓin ya tabbata. Kafin ka kwance komai ka duba kebur ɗin kuloci, saboda na irin motarka mai daidaita kansa ne, kuma idan ya tsufa yakan maƙale ya bar kuloci kamar an ɗan taka shi. Idan kebur lafiya yake, sai a sauke giyabos, faifan da kansa zai ba da labari. Idan ya jiƙe da baƙin mai, sil, wato robar da ke tare mai, na bayan inji ko na giyabos ne ke yoyo, ko kuma kun cika giris a haƙoran sandar da faifan yake hawa. Idan a bushe yake amma fulawil, wato ƙarfen da faifan yake mannewa a jikinsa, ya yi shuɗi-shuɗi da tsage-tsage, to kun ɗora sabo a kan tsohuwar cuta.

Sai dai ba ka faɗa mini nawa ka sayi faifan ba, kuma ina zargin nan gizo ke saƙar. Kuloci na ƙwarai a hannun direba mai kula yakan kai kilomita 100,000, saboda haka wanda ya cinye cikin wata biyu ba tare da mai ya taɓa shi ba mai yiwuwa jabu ne, ko tsoho da aka yi wa sabuwar fata. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna akwai na gaske akwai na bogi, wani lokaci a kanta ɗaya, kuma kwalin da aka rubuta wa LuK ko Sachs ko Valeo ba shaida ba ne, tunda buga kwali ya fi ƙera kuloci sauƙi. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya ji an raba masa farashi biyu ya yi murna, bai tambayi kansa dalili ba. Araha ba ta ado. Ka dubi ƙusoshin da suka riƙe fatar, ka girgiza faifan ka ji ko sifirin na ƙara, ka karɓi rasit. Sannan a daina sayen faifai shi kaɗai: a haɗa da farantin da ke matse shi da boris, domin wahalar sauke giyabos ɗaya ce, kuma tsohon faranti mai laushi zai cinye kowane sabon faifai.

Wani daga Gusau yana tambaya ko zai iya wanke faifan da mai ya jiƙa da fetur ya mayar. A'a. Man ya riga ya shiga cikin fatar, zafi zai sake fito da shi. Wannan tambaya ma ba ta cancanci katin waya ba.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce tun da maigidanta ya gyara kulocin Corolla ɗinsu giya ba ta shiga sai da ƙara. Hajiya, a fara da cire iska daga layin man kuloci, aikin minti kaɗan ne. Idan bai yi ba, mai yiwuwa an juya faifan baibai, domin yana da gefen fulawil da gefen giyabos, ko an bar nauyin giyabos ya rataya a kansa ya lanƙwasa shi. Kada a ci gaba da tura giyar da ƙarfi kafin bakanike ya gani.