Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya kan PGD ko kwas ɗin satifiket

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin kamar ni kika zauna kika rubuta. Kin ce HND gare ki, wato babbar difloma ta ƙasa, kin daɗe kina aikin wayar da kai a ƙauyuka, duk lokacin da gurbin jami'in kula da shirye-shirye ya fito a wurin aikinku sai a ce takardunki ba su kai ba, shi ne kike son sanin ko PGD za ki yi, wato diflomar da ake yi bayan digiri ko HND, ko waɗannan gajerun kwasa-kwasan na intanet.

Ki yi PGD, a jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sani, kuma kada ki ajiye aikinki saboda shi.

Ni ma da HND na shiga wannan harka. Babu irin ƙauyen da ban shiga a bayan babur ba, da damina da rani. Ni ce mai zama gaban dagaci da liman a shawo kansu, ni ce mai shiga cikin gida wajen matan da ba sa fita, ni na kafa ƙungiyoyin adashin da har yau suke tafiya. Rannan aka kawo wani yaro sabon gama bautar ƙasa, ogarmu ta ce, Hajiya ki nuna masa aiki. Na nuna masa da zuciya ɗaya. Ko gaisuwar fada bai iya ba, ranar farko da takalminsa ya nufi shimfiɗar mai gari sai da na ja rigarsa. Da gurbi ya fito, shi aka ba. Na je ofishinta ina tambaya, matar nan ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfuta ba, ta ce masu ba da tallafi digiri suke so a gani, ita ba ta da yadda za ta yi. Matar da rahoton da take aikawa sama ni nake rubuta mata shi da daddare bayan yara sun yi barci! A banɗakin ofis na yi kukana na wanke fuska na fito, kuma a ranar aka ce in miƙa wa yaron makullin kabad ɗin fayil. Daga baya da na samu gurbin karatu na kai mata takardar neman izinin fita da wuri ranar Juma'a, ta riƙe ta a durowa har sai da aka kusa rufe rajista. Na bar ta da Allah, amma ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

To, batun inda za ki nema. In kina kusa da Zariya, ABU na da sashen ƙananan hukumomi da nazarin ci gaba a harabar Kongo, kuma masu irin aikinmu da yawa can suke bi. Akwai kuma cibiyar nazarin kula da bala'o'i da ci gaba, wadda hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta tallafa aka kafa a wasu jami'o'i, ciki har da ABU da Jami'ar Maiduguri. In hankalinki ya karkata ga aikin jin ƙai a arewa maso gabas, wannan zai fi yi miki amfani. A Kano, BUK na da sashen ilimin manya da hidimar al'umma, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ma na da na ilimin manya. In kuma maigida ko yara ba za su bar ki ki riƙa tafiya ba, ga NOUN, jami'ar karatu daga gida, suna da PGD a fannin zaman lafiya da sasanta rikici, kina gida kina karatu sai jarrabawa ta kai ki cibiyarsu. Sai dai ki tambayi sashen da kanki ko suna ɗaukar HND ɗinki da irin sakamakon da kika fita da shi, kowace jami'a da sharaɗinta.

Tun yau ki fara bin tiranskirif ɗinki, wato takardar cikakken sakamakonki, daga makarantar da kika gama. Yau ɗin nan. Shi ne ke cinye wa mutane shekara, ba karatun ba. Ki haɗa da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, ki kuma duba kiredit ɗinki na Turanci da lissafi. Ki sa a ranki yajin aiki na iya ritsawa da ke, na ASUU na 2022 daga Fabrairu har Oktoba ya kai, ya ritsa da wasu 'yan wannan zauren.

Gajerun kwasa-kwasan ba na ce banza ba ne. Project DPro na tafiyar da aikin ci gaba da MEAL DPro na bibiya da tantance aiki, ƙungiyoyin agaji sun san su, kuma dandalin Kaya da DisasterReady cike suke da darussa kyauta. Ki yi su, musamman na bibiya da tantance aiki, don yanzu duk intabiyu sai sun tambaya. Amma su kayan miya ne, PGD ɗin ne tuwon, shi zai buɗe miki ƙofar mastas, kuma shi ma'aikacin gwamnati zai iya kaiwa a saka masa a fayil. Waɗanda nake roƙonki ki guje wa su ne masu kiran taron kwana biyu a otal, su sa miki riga da hula a ɗauki hoto, su karɓi kuɗin da ya kai na zangon karatu. Wata ƙawata ta kai irin wannan takarda wajen tantancewa, dariya aka yi mata.

Wani abu kuma, ko da yake ba ki tambaya ba: ki riƙa ajiye kwafin duk rahoton da kika rubuta da hannunki, da sunayen garuruwan da kika yi wa aiki. In lokacin furojet ya zo, wato binciken kammala PGD ɗin, a kan ƙungiyoyin matanki za ki rubuta shi, bayanan suna hannunki. Kuma kada ki faɗa wa kowa a ofis kina nema sai takardar shiga ta zo. Ki yi min magana ta gefe in turo miki tsofaffin takardun karatuna, suna nan cikin kwali.