Bangaskiya, baftisma da ceto: amsa ga masu tambaya daga Kumasi

Tambaya daga wani tela a Aboabo: Malam, maƙwabtana biyu, ɗan Katolika da ɗan Fentikos, kullum suna musu kan ko bangaskiya kaɗai ke ceto ko sai an haɗa da baftisma. Bangaskiya da imani ɗaya ne? Baftisma kuma wanka ce?

Amsa: Ɗan'uwa, imani aro ne daga Larabci, bangaskiya kuwa 'yar gida ce. Daga "ba da gaskiya" aka gina ta, ginin bankwana, bangirma da banruwa. Ma'anarsu na kusa, sai dai tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 bangaskiya ta zauna a bakin Kirista.

Baftisma daga Helenanci take, wato harshen Girka, asalinta tsomawa cikin ruwa. Ba a fassara ta ba, aro aka yi, kuma a ganina an yi dabara, domin da an ce "nutsarwa" da an yanke wa ɓangare ɗaya hukunci. 'Yan Baftis da 'yan Fentikos sukan nutsar da mutum ɗungurungum a rafi ko kwarmin ruwa, kuma sai wanda ya yi wayo ya furta bangaskiya da bakinsa. Katolika kan zuba ruwa a ka sau uku, har ga jariri, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Firesbiteriya da Metodis galibi zubawa ko yayyafi suke yi. Tafintan da ya ce "wanka" ya ɓatar da mai sauraro: wanka mutum ke yi wa kansa, ya kuma maimaita gobe, baftisma kuwa wani ke yi maka, kuma yawancin ɗariku sun ce sau ɗaya ce. Saboda haka "an yi masa baftisma" ake cewa. In ka ce "ya yi baftisma", ka mai da shi fasto.

Musun maƙwabtanka ya girme su. Martin Luther, malamin Jamus da ya ta da ƙura a cocin Katolika a 1517, ya tsaya kan bangaskiya kaɗai, amma bai bar baftismar jarirai ba. Masu ƙin ta sun ɓullo a birnin Zurik na Suwizalan a 1525. Kowa na da ayarsa. Mai cewa bangaskiya kaɗai ya kawo Afisawa 2:8 da ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi ba tare da ruwa ba. Mai cewa sai da baftisma ya kawo Ayyukan Manzanni 2:38 da Yakubu 2:26. Markus 16:16 kuwa dukkansu suna ja: farkonta ya haɗa ba da gaskiya da baftisma, ƙarshenta ya ɗora hukunci kan rashin ba da gaskiya kawai.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Asawase: Ceto da tsira fa?

Amsa: Malama, tsira kai ne ka kuɓuta, ceto wani ne ya fid da kai. Shi ya sa Kirista ke ce wa Yesu Mai Ceto. A kula, a bakin Musulmi ceto yakan nufi roƙon da Annabi zai yi wa al'umma ranar alƙiyama, don haka mutum biyu a Zango kan faɗi kalma ɗaya, kowa da abin da ke ransa.

Malamar ta ƙara da cewa ta ji wani mai wa'azi na cewa "wanka da gari ba ya maganin yunwa". Karin maganar sahihiya ce: abin da aka yi don ciki, shafa shi a jiki bai wadatar ba. Mai wa'azin yana nufin ruwa ba ya sauya zuciyar da ba ta tuba ba. Amma ba ta kashe bakin ɗan Katolika, domin shi bai ɗauki baftisma aikin ruwa zalla ba, aikin Allah ne a wurinsa, ruwan hanya ce kawai.