Amsa ga ɗan ƙanena a kan kunyar ɗan fari

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har sau biyu. Ka ce mai sunan Malam ya shiga shekara 15, ya daina cin abinci da ƙannensa, ba ya shigowa sai dare ya raba, in ka yi magana sai ya sunkuyar da kai. Kana tambaya ko al'ada ta yarda ka zaunar da shi ku yi magana ta ciki, alhali ɗan farinka ne, ko sunansa ba ka faɗa.

Kunyar ɗan fari mun tarar da ita, mu ma mun yi. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji sunanka a bakinsa ba, sai dai "ina yaron nan?" Amma tuna a hannun wa ka tashi. Ana yaye ka aka miƙa ka ɗakin Iya. Ita kake tsokana, ita kake faɗa wa abin da ba ka iya faɗa wa kowa, don tsakanin kaka da jika wasa ne, babu shamaki. Da ka fara zama saurayi aka fitar da kai zaure kana kwana da sa'o'inka, kuma zauren nan duk mai shiga gida ta nan zai bi. Hukuncin mafarki da wankan janaba ba uba ke koyarwa ba, a gaban malam ka ji su kuna karatun Ahalari da Ishmawi. In ka yi ba daidai ba a dandali, kafin ka iso gida labari ya riga ka, wataƙila ma wani dattijo ya riga ya ja maka kunne, don a lokacin ɗa na kowa ne. Ranar gayya kuwa ƙarfin da ke cin saurayi a kunyoyin gona yake ƙarewa, ya dawo ko tuwo da ƙyar yake gamawa barci ya kwashe shi. Shirun uba bai cutar da kai ba, saboda akwai bakuna goma da ke magana a madadinsa.

To yanzu ka duba inda kake. Gidan haya a Rigasa, ciki da falo, kakarsa tana nan ƙauye, maƙwabcinka na tsoron ya tsawata masa a ce ya shiga sharo ba shanu. Yaro na shago shi da waya. In kai ma ka yi shiru, wa ya rage? Sai 'yan majalisar bakin titi, su kuwa ba sa jin kunyarsa. Ban ce yana shaye-shaye ba, Allah ya tsare, kada kuma ka tare shi da zargi. Sai dai ka san abin da ya sa gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018: 'ya'yanmu ne ke kwankwaɗarsa, maza da mata, yawanci iyaye ne na ƙarshen sani. Ga tiramol, ga sholisho. Wani yaron kuma ba ko ɗaya, fargabar jarrabawa ce ko wata yarinya ko ganin abokai da abin da ba shi da shi, ya rasa wanda zai faɗa wa.

Sunan ka ci gaba da sakaya shi, wannan ladabi ne ga Malam, ina son sa. Amma zama da ɗa ba rashin kunya ba ne. Luƙmanu da kansa ya zaunar da nasa, yana ce masa "ya ƙaramin ɗana", Allah ya ajiye mana zancen a Alƙur'ani.

Kada ka kira shi falo kamar za a yi shari'a, zai ƙara rufewa. Ɗauke shi ku tafi kasuwa ko wurin aikinka, a hanya magana ta fi fita, ido ba ya cikin ido. Ka fara ba shi labarin taka ƙuruciyar, har da inda ka yi tuntuɓe. In ya faɗi abin da ya sosa maka rai, haɗiye, ranar ba ta faɗa ba ce. Ka roƙi kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, ya riƙa jan sa a jiki, akwai abin da sai shi zai ji.

In an yi dogon hutu ka turo min shi. Gero zai isa yanka, ga kakarsa kullum sai ta tambayi mijinta. Ka gaida mai ɗakinka da yara.