Amsa ga mai tambaya kan Sanger da zama a kan furotin guda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce shekara biyu ke nan kina fama da furotin ɗaya a digirinki na biyu ba ki fitar da takarda ko guda ba, malaminki kuma kullum sai ya ce ki tuna da Sanger. Kina tambaya wane ne shi, kuma ko ki canza maudu'i. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, ga abin da na sani.

Frederick Sanger Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1918. Mahaifinsa likita ne da ya taɓa aikin mishan a China. Ya shiga Jami'ar Cambridge a 1936, kuma da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke sai ya ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙidarsa ta Quaker, wata ɗarikar Kiristoci da ba ta yarda da yaƙi ba. Ya kammala digirin digirgir a 1943, a shekarar ya shiga rukunin Farfesa Chibnall, ya kama aiki a kan insulin, wannan dai da masu ciwon suga ke yin allurarsa.

A wancan lokaci masana da yawa ba su tabbata furotin yana da tsayayyen jeri ba. Ki ɗauke shi kamar carbi mai 'ya'ya kala ashirin, waɗanda ake kira amino asid, ba wanda ya san ko a tsare aka zura su ko kara-zube. Sanger ya samo wani sinadari mai manne wa bakin sarƙar ya rina shi rawaya, ya riƙa gutsuttsura insulin da asid da enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki), yana raba gutsattsarin a kan takarda, sannan ya zauna yana gwada wanne ya haɗu da wanne. Insulin sarƙa biyu ce: jerin sarƙa mai amino asid 30 ya fito a 1951, na mai 21 ya biyo baya, sai a 1955 ya gama gano inda suka ɗaure da juna. Shekara goma sha biyu a kan 'ya'yan carbi 51! A 1958 aka ba shi Nobel. Ya koma kan DNA, ya fito da hanyar karanta jerinsa a 1977, ya sake cin Nobel a 1980.

Mu ma aikin ya shafe mu. A Cambridge ɗin, wajen 1956, Vernon Ingram ya bi irin wannan dabara ya gano cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya a furotin ɗin jinin masu sikila.

Abin da ke burge ni da shi, bai yarda kujerar ofis ta cinye shi ba. Da hannunsa yake aiki har ya yi ritaya a 1983, ya koma noman lambu, ya kuma ƙi karɓar sarautar "Sir". Ya rasu a 2013.

To amma akwai abin da malamai ba sa faɗa miki. A shekarunsa na farko da kuɗin gidansu ya riƙe kansa, daga baya kuma hukumar binciken lafiya ta ƙasarsu ta ɗauki nauyinsa, ba koyarwa, ba duba takardun jarrabawa ɗari biyar. Ni kuwa na taɓa yin wata bakwai ina tace wani enzayim daga hantar akuya, aka ɗauke wuta kwana uku, janareta ba mai, na zo na tarar firij ta narke, komai ya lalace. Haƙuri bai dawo mini da shi ba, sabon aiki na kama.

Don haka ki zauna ki tambayi kanki: a shekara biyun nan, kowane gwaji yana nuna miki wani abu sabo, ko da ƙanƙani ne? In haka ne ki riƙe furotin ɗinki. In kuwa abin da ya tsayar da ke rashin na'ura ne ko sinadarin da ba a samu, ki je wajen malaminki da littafin gwajinki a hannu, ku rage girman aikin, ko ya nema miki wani ɗakin gwajin da za ki yi wata uku ki ƙarasa. Ki kuma riƙa raba samfurinki gida biyu, kada ki ajiye su a firij ɗaya.