Zafin Melbourne da sanyin da ke zuwa kwatsam

Ɗan'uwa, ka ce za ka Melbourne, birnin da ke kudancin Ostireliya, a Janairu, an gaya maka da rana zafi kamar wuta, da yamma sai an nemi rigar sanyi. Wallahi haka ne.

A Ostireliya bazara daga Disamba zuwa Fabrairu take. Iska mai zafi ke busowa daga tsakiyar ƙasar inda hamada take, zafi ya wuce digiri 40, ran 7 ga Fabrairu 2009 ma ya kai 46.4. To kwatsam sai iskar ta juya ta taso daga tekun kudu, cikin awa ɗaya zafin ya sauka da digiri 10 ko fiye. Amma fa ba ko'ina ba, a birnin Darwin da ke arewa lokacin damina suke, ga gumi, a birnin Perth da ke yamma kuma iskar teku ke sanyaya su da yamma.

Don Allah kar ka fita ba ruwa ba hula, kar a bar yaro a mota ko na minti biyar. Juyawar iskar nan kan karkatar da gobarar daji, ka riƙa duba hasashen yanayi. In wani ya ruɗe ko ya suma saboda zafi, a kai shi inuwa a jiƙa shi, a kira 000, lambar kiran gaggawa ta Ostireliya, nan take.