Ku Tambayi Mama: Ina bin Yesu, to me yasa raina ba daɗi?

TAMBAYA: Mama ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ya aiki ya yara? Dan Allah ki taimake ni da amsa. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, tun ina ƙarama nake cikin ƙungiyar mawaƙa a coci, zakka ta bana wasa da ita, sujadar safe da addu'ar tsakiyar mako duk ina zuwa. Amma gaskiya Mama raina ba daɗi. Tunda aka cire tallafin mai albashina baya kaiwa tsakiyar wata, wani lokacin ma sai a riƙe shi, ga ƙannena ni suke kallo, ga maganar aure shiru. In na buɗe Facebook sai inga wata da muka yi sakandare tare wadda ko hanyar coci bata sani ba, yau tana Dubai gobe ta sa hoton sabuwar mota, sai inji wani abu ya tokare min ƙirji. Kwanaki a wani taro mai wa'azi yace duk Kiristan da ke baƙin ciki bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, kuma wanda Allah ke tare da shi dole a gani a aljihunsa. Tun ranar nake jin kamar ni mai laifi ce. Mama wai menene farin ciki na gaskiya, kuma ni na rasa shi kenan?
Daga 'yarki a Kafanchan.

AMSA: Lafiya lau 'yata, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Kafin komai ki ɗauko Littafi Mai Tsarki ki buɗe Zabura 73, domin wasiƙarki wani ya riga ya rubuta ta tun zamanin sarki Dawuda. Sunansa Asaf, kuma kin san aikinsa? Shugaban mawaƙa ne, Balawi, wato ɗan ƙungiyarku ne. Shi da bakinsa yace saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda kishin masu girman kai, ya ga mugaye suna ta ƙiba jikinsu lafiya ba ruwansu da wahalar da sauran mutane ke sha, har a aya 13 yace ashe a banza ya tsare zuciyarsa da tsarki. Mai jagoran sujada fa. Kuma Allah bai sa an goge wannan waƙar ba, aka barta a cikin Littafi muna karantawa har yau. Toh kinga wannan abin da ya tokare miki ƙirji ba sabo bane, kuma faɗinsa da kika yi ba ridda bace.

Maganar mai wa'azin nan kuwa, bana son in zagi bawan Allah amma a nan bai faɗi daidai ba, sam. In baƙin ciki alamar sanyin bangaskiya ne to ya zamu yi da Ubangijinmu Yesu da ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ko a Getsamani da yace wa almajiransa ransa na cike da baƙin ciki har kamar ya mutu? In kuma aljihu ne ma'aunin kasancewar Allah da mutum to Bitrus ya faɗi jarrabawa, tunda a ƙofar Haikali ya gaya wa gurgun nan cewa azurfa da zinariya bashi da su. Irin wannan wa'azin yana da daɗin ji a taro, ana ta ihun amin, amma mutum ya koma gida tukunya ba komai sai ya fara zargin kansa ko ya fara zargin Allah, kuma na ga mutane da yawa da suka bar sujada gaba ɗaya ta wannan hanyar, an yi musu alkawarin da Allah bai yi ba.

Yanzu ga tambayarki. Abin da na fahimta a Littafi shine farin cikin mai bi baya jiran abubuwa su gyaru kafin ya zo, kuma baya korar hawaye, su biyun suna iya zama a zuciya ɗaya a rana ɗaya. Bulus yace a 2 Korintiyawa 6:10 suna baƙin ciki amma kullum suna farin ciki, matalauta ne amma suna arzuta mutane da yawa. Wasiƙar Filibiyawa da muke yawan jawo ayar nan ta 4:4, ku yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, daga kurkuku ya rubuta ta, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Kuma mutane basu cika lura ba, a cikin wasiƙar nan dai a sura 2 aya 27 yana maganar abokin aikinsa da ya yi ciwo kamar zai mutu, yace Allah ya ji tausayinsa ya warkar da shi don kada baƙin ciki ya ƙaru masa a kan baƙin ciki. Wato yana da baƙin ciki dama. Mutumin da ke cewa a yi farin ciki kullum kenan. Su Filibiyawa kuma basu ɗauki maganar a matsayin surutu ba domin a garinsu ne aka yi wa shi da Sila dukan tsiya aka sa ƙafafunsu a turu, tsakar dare aka ji suna waƙar yabo, mai gadin kurkukun ma ya tuba a daren da iyalinsa.

To me suke da shi da ya sa su waƙa? Sun san an gafarta musu, sun san na wanene su, sun san ko mutuwa ba zata raba su da Ubangiji ba. Abin da Asaf ya gano kenan da ya shiga wuri mai tsarki, bai fito da buhun kuɗi ba 'yata, karanta har ƙarshe ki gani, mugayen suna nan da dukiyarsu a lokacin, shi dai cewa ya yi kullum yana tare da Allah, Allah na riƙe da hannunsa na dama, ko jikinsa da zuciyarsa sun gaza Allah ne rabonsa. Yesu ma yace wa almajirai a Yahaya 16:22 zasu yi baƙin ciki yanzu amma zai sake ganinsu, kuma farin cikin nan ba mai ƙwace musu. Mota ana ƙwacewa, aiki ana kora, lafiya tana tafiya, miji ma da kike roƙo Allah ya baki nagari mutum ne zai ɓata miki rai wata rana, tambayi duk wata a Zumuntar Mata.

Ba sai mun je nesa ba. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) a Kwarhi kusa da Mubi, shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na wani lokaci, dubban membobi suka watsu wasu sansanin gudun hijira wasu Kamaru, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na shekarar 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Ba wanda zai kalli iyayen nan yace musu kukanku rashin bangaskiya ne, sai mara kunya. Amma sujada bata mutu ba a cikinsu, inda suka samu kansu nan suka ci gaba da taruwa suna waƙa. Annabi Habakuk ya faɗi irin wannan a 3:17-18, ko ɓaure bai yi toho ba, gonaki basu ba da abinci ba, garke ba tumaki ba shanu, duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Duk manomin da fari ya taɓa cinye masa gona ya san nauyin wannan maganar.

Kada kuma ki ji kamar ina cewa talauci abin so ne, a'a. Yunwa yunwa ce. Albashin da ake riƙe miki hakkinki ne, Yakubu 5:4 yace ladan ma'aikata da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji, don haka ku haɗu da sauran malamai ku tambaya cikin ladabi, in kin samu wurin da ya fi ki tafi, in kina da sana'ar hannu ki haɗa. Addu'ar Agur a Karin Magana 30 ita nake so wa 'ya'yana, kada talauci kada dukiya mai yawa, abincin da zai ishe ni dai. Shi kansa Bulus cewa ya yi ya koyi zama da wadar zuci, koya ya yi, ba dare ɗaya ta sauko masa ba, to ke ma ki ba kanki lokaci.

Ita kuma ƙawarki ta Dubai, ni ban san zuciyarta ba ke ma baki sani ba, ba zan ce miki tana kuka a ɓoye ba don in faranta miki, wataƙila tana jin daɗinta da gaske. Ki yi mata addu'a, in hotunan na hana ki barci ki daina bin shafinta na ɗan lokaci, ba gaba bace. Kuma ranar da kika ji nauyin ya yi yawa ki nemi wata gwauruwa ko mara lafiya a unguwarku ki kai mata ko ɗan kunu ne ki zauna ku yi hira, na gwada wannan sau da yawa kuma ban taɓa dawowa gida yadda na fita ba.

TAMBAYA: Mama ni tunda matata ta rasu bara bana iya barci, abinci baya min daɗi, ko waƙa ake a coci ji nake kamar ina waje. Wasu sunce in ƙara azumi. Zunubi nake yi?
Daga wani ɗan'uwa a Kaduna.

AMSA: Ɗana sannu, Allah ya ta'azantar da kai. Ba zunubi kake yi ba, makoki kake yi, kuma Romawa 12:15 cewa ta yi a yi kuka tare da masu kuka, bata ce a ba su aikin azumi ba. Ka duba 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gaji har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, abin da mala'ika ya fara kawo masa gurasa ce da ruwa, ya ci ya kwanta, aka sake tashinsa ya ƙara ci, sai daga baya aka yi maganar aiki. Don haka ka ajiye azumin nan tukuna ka ci abinci. Ka samu fastonka ko dattijo ɗaya da ka yarda da shi ka gaya masa komai kamar yadda ka gaya min, kada ka riƙa kwana kai kaɗai a gida in akwai ɗan'uwan da zai zo ya zauna da kai. Rashin barci da rashin cin abinci da ya daɗe haka kuma yana buƙatar likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna, zuwa can ba hauka bane kuma ba rashin dogara ga Allah bane. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka kada ka jira Lahadi, ka gaya wa wani a ranar ya raka ka asibiti. Ka sake rubuto min bayan ka je inji yadda ake ciki.